Yadda mai juna biyu za ta faɗi inda cikinta ya kai da Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na biyo maigidana Ingila inda yake karatu, na zo da ciki. Na yi digiri a gida kuma ina jin Turanci, amma ranar da na fara zuwa awo na ce wa ungozoma “my pregnancy is five months, I took in around June”, sai ta tsaya tana kallona, daga baya ta ce “so how many weeks are you?” Na rasa amsa. Don Allah ina kuskuren yake, kuma yaya ake faɗin inda ciki ya kai da Turancin da za su gane?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya inganta, ya raba ku lafiya. Aikina koyar da Turanci ne, kuma yawancin ɗalibaina 'yan makarantar ungozoma ne da masu koyon aikin jinya, don haka wannan jimla taki ba baƙuwa ba ce a kunnena. A asibitocinmu na gida ba wanda zai ɗaga kai in kin faɗe ta. Abu uku ne suka haɗu suka tsayar da ungozomar taki. Kalmomin na Turanci ne amma ginin jimlar na Hausa ne, kin auna da wata alhali su da mako suke aiki, sannan “took in” Turancin Najeriya ne, a can yana nufin wani abu dabam.

Mu fara da ginin jimlar, domin in ya zauna sauran masu sauƙi ne. A Hausa labarin cikin ake bayarwa: cikina wata biyar ne, cikin ya fito, cikin ya tsufa, cikin ya shiga watansa. Bature kuwa matar yake sifantawa. Kalmar “pregnant” sifa ce, kuma ma'aunin lokacin yana zuwa ne daf da ita, ba wata kalma a tsakani:

“I am five months pregnant.”
“I'm 22 weeks pregnant.”

Kin san wannan gini tun firamare, a wajen faɗin shekaru. Da Hausa kina cewa shekaruna talatin, amma ba ki taɓa cewa “my years are thirty” ba, “I am thirty years old” kike cewa. To ki cire “years old” ki sa “weeks pregnant”, shi ke nan. Har gajartawar ma iri ɗaya ce. Yadda ake cewa “I'm thirty” a yi shiru, haka a ɗakin awo ake cewa “I'm 22 weeks” kawai, tunda kowa ya san zancen da ake yi. Irin wannan amsa ungozomar take jira.

Daga nan za ki gane abin da ya sa “I have pregnancy” da “I am having five months pregnancy” ba su zauna ba. “Ina da ciki” aka ɗauko aka dasa. Ita “pregnancy” suna ce, tana da wuraren shigarta: “this is my second pregnancy”, “it's been an easy pregnancy so far”, “five months into my pregnancy”. A rubutun likitoci za ki ci karo da “at 22 weeks of pregnancy” ko “22 weeks' gestation”, amma mace ba ta faɗin haka game da kanta a hira. Tudun cikin da ake gani kuma a Ingila “bump” suke ce masa, kuma cikin ya fito shi ne “I'm showing” ko “I've started to show”.

Sai ƙaramin harafin nan “s”, da yake ba Bahaushe wahala don a harshenmu lamba ba ta tilasta jam'i: wata biyar, mako ashirin, ba sai an ce watanni ko makonni ba. A Turanci dole ne, “five months pregnant”, ba “five month” ba. Inda abin yake juyawa shi ne idan lambar da ma'aunin suka zo gaban wani suna suna sifanta shi. Nan “s” ɗin faɗuwa yake, a sa ɗan layi a tsakani: “the 20-week scan”, “my 28-week appointment”. Daidai da bambancin “he is five years old” da “a five-year-old boy”. Ga mai rubuta takardar neman hutu: “six months pregnant” ba a sa masa 'yar alamar nan ta sama mai nuna mallaka, amma “six months' maternity leave” ana sa masa, don ma'anarsa hutu na wata shida.

Yanzu batun mako, wanda shi ne ainihin abin da ya sa kika rasa amsa, kuma lissafi ne ba nahawu ba. Asibiti yana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, abin da suke rubutawa LMP, ba daga ranar da cikin ya shiga ba. Daga wannan rana zuwa ranar da ake sa ran haihuwa kwana 280 ne, wato mako 40. Kin ga ke nan a mako biyun farko na lissafin, mace ba ta ma ɗauki cikin ba tukuna. Shi ya sa mace za ta yi ɓatan wata, ta je gwaji, a ce mata “you're five weeks”, ita kuwa tana ganin kwanan nan ne. Daga shigar ciki zuwa haihuwa kimanin kwana 266 ne, kuma in kin lissafa watan sama tara, kowanne kwana 29 da rabi, kusan nan za ki faɗa. Wata taran iyayenmu bai kauce ba, mafarin ƙirgar ne ya bambanta.

Akwai dabarar fitar da ranar haihuwa da ake jingina wa wani likitan Jamus, Franz Naegele, wanda ya rasu a 1851. Ki ɗauki ranar farko ta al'adar ƙarshe, ki koma baya wata uku, ki ƙara kwana bakwai, ki tsallaka shekara ta gaba. Tunda kin ambaci Yuni, mu ƙaddara 10 ga Yuni ce. Baya wata uku 10 ga Maris, a ƙara kwana bakwai ya zama 17 ga Maris. Da wannan lissafi ranar 11 ga Nuwamba kin cika mako 22, ranar 14 kuma za a rubuta miki 22+3 a takarda, wato mako 22 da kwana uku. Ana karanta shi “twenty-two plus three” ko “22 weeks and three days”. A Amurka 22w3d za ki fi gani. In hoton ciki ya nuna wata rana dabam, musamman “dating scan” da ake yi wajen mako na 12, da ranar hoton ake aiki, sai ki riƙe ta ki manta da taki.

Ba son wahalar da mutane ne ya sa suka nace wa mako ba. Duk tsarin awo a kansa aka rataya shi. Hoton duba halittar jariri ana yin sa tsakanin mako 18 da 21, gwajin sukari ga waɗanda ake yi wa tsakanin 24 da 28, takardar shaidar ciki mai suna MAT B1 da ake kai wa wurin aiki ba a bayar da ita sai an cika mako 20. Wata biyar kuwa a bakin wata mace mako 18 ne, a bakin wata macen kuma mako 22, kuma wannan tazara ta isa a rasa lokacin wani gwaji. Kada kuma ki ɗauka wata mako huɗu ne cif, in haka ne wata tara zai tsaya a mako 36. A kimance, mako 13 wata uku ne, 22 wata biyar, 26 wata shida, 35 wata takwas. Tsakanin ƙawaye da maƙwabta ki faɗi wata abinki, Turawa ma haka suke yi. A asibiti da waya, mako.

Akwai wani bambanci da Hausa ta riga ta koya miki. Ciki ya cika wata biyar dabam, ya shiga wata na biyar dabam. Haka Turanci: “I'm five months pregnant” cikawa ce, “I'm in my fifth month” kuwa huɗu suka cika, kina cikin na biyar. Mace mai 22+3 ta cika mako 22, tana cikin “her 23rd week”. Na sha ganin ɗalibai sun gauraya waɗannan biyun a rahoto sun ƙara wa ciki mako guda. Shawarata ki bar su “fifth” da “23rd” gaba ɗaya a asibiti, ki riƙa faɗin abin da ya cika. Inda lambar jeri take da amfani shi ne rabon ciki gida uku: “I'm in my second trimester”. Na farko yana ƙarewa wajen mako 12 ko 13, na uku yana farawa a mako 28.

Tambayoyin da za a yi ta jefo miki ba su da yawa. “How far along are you?” da “How many weeks are you?” abu ɗaya suke nema. Wata dattijuwa a layin kanti tana iya cewa “how far gone are you?”, kuma za ki ji ana cewa “she's six months gone”. Turancin titi ne na Ingila, ki gane shi amma kada ki rubuta shi. “Is this your first?” cikin fari take tambaya, kuma kawaicin da muke yi wa ɗan fari ba su san shi ba, in kin sunkuyar da kai sai su ɗauka ba ki ji ba ne. Ta ƙarshe ita ce “When are you due?”

Kalmar “due” tana ɗauke da ma'anar nan gaba a cikinta, don haka ba ta buƙatar “will”. “I'm due in March”, “I'm due on the 17th of March”, “I'm due in six weeks”. Wata yana ɗaukar “in”, rana tana ɗaukar “on”. Uwar ana ce mata “due”, jaririn ma haka: “the baby's due in March”. EDD da muka saba da shi a gida, wato ranar da ake sa ran haihuwa, yana nan a takardunsu, amma a baki “due date” ake cewa. Saura mako shida shi ne “six weeks to go” ko “I've got six weeks left”, ba “remaining six weeks” ba. In ranar ta wuce, “I'm five days overdue”, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne a karan kansa, don jariran da suke zuwa a ainihin ranar da aka rubuta ba su kai ɗaya cikin goma ba. A Ingila daga mako 37 zuwa 42 duk “term” ne, wato cikin ya isa haihuwa. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ƙara rarraba shi a 2013, ta kira mako 37 da 38 “early term”, 39 da 40 “full term”, 41 “late term”, daga 42 kuma “postterm”. Wanda aka haifa kafin mako 37 shi ne “premature” ko “preterm”. Bakwaini dai ba a fassara shi da “seven months baby”. Cewa ake “he was born at 31 weeks” ko “he came nine weeks early”.

Wani abu game da furuci, wanda ya fi “p” da “f” da ake yi mana dariya a kansu muhimmanci. “Thirteen” da “thirty”, “fourteen” da “forty”, duk makonni ne da ciki yake kaiwa, kuma a waya kunne yana ruɗa su. Ki ja ƙarshen “thirteen”, ki danna farkon “thirty”, in kuma kina shakka ki ƙara da “three zero”. Ranar wata ma ki faɗi sunan watan, don 10/6 a Ingila 10 ga Yuni ne, a Amurka 6 ga Oktoba.

Mu dawo kan “took in”. A Turancin Ingila “take in” yana nufin fahimtar magana, ko ba wani masauki, ko rage faɗin riga a wurin tela, ko ma yaudara. Ɗaukar ciki ba ya ciki. Abin da ake cewa shi ne “I got pregnant in June”, kuma a Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu za ki ji “I fell pregnant”, wanda Ba'amurke ba ya faɗa. “Conceived” ta likitoci ce da takardu. Ɗan'uwansa shi ne “put to bed”. A gida ko'ina za ki ji “she has put to bed”, a can kuwa kwantar da yaro ya yi barci ke nan. Ki ce “she's had the baby” ko “she gave birth on Tuesday”, in za ki faɗi abin da aka samu kuma sai “to” ta shigo: “she gave birth to a girl”. “She has delivered” za a gane, amma a bakin mutanen Ingila ungozoma ce take “deliver” ɗin jariri. Tsohon salon ma “was delivered of” ne, wanda yanzu sai a sanarwar gidan sarauta: ranar 22 ga Yuli 2013 da aka haifi Yarima George a Landan, sanarwar fada cewa ta yi mahaifiyarsa “was safely delivered of a son”. In ba ke ce matar yarima ba, ki bar musu kayansu.

Haka “pregnant for my husband” da ya zama ruwan dare a gida. Ana cewa “pregnant with”, kuma abin da ke cikin ake ambata: “pregnant with twins”, “pregnant with my second child”. In uban ake son ambata “pregnant by” ne, amma yana da ƙamshin gulma, matar aure ba ta da buƙatarsa. Kalmar da ta fi kusa da ladabin juna biyu ita ce “expecting”, kuma ita ta fi dacewa da bakin maigida a gaban malaminsa ko shugabansa: “my wife is expecting”, “we're expecting a baby in March”. “Bun in the oven” barkwanci ne, “with child” tsohon yayi ne. “Knocked up” da “up the duff” kuwa, in kin ji su a fim ki bar su a can, ba maganar mutunci ba ce.

A zama na farko za a tambaye ki tarihin haihuwa, kuma a nan akwai kalma ɗaya da nake gargaɗin kowa a kanta. A katunan asibiti da yawa na gida ana rubuta ɓari da “abortion”, kamar “spontaneous abortion” ko “incomplete abortion”, don haka tsofaffin littattafan likitanci suka zo da shi. A Turancin yau da kullum na Ingila da Amurka “abortion” zubar da ciki ne da gangan. Ɓari shi ne “miscarriage”: “I had a miscarriage at ten weeks”, ko a tausashe “I lost a baby at ten weeks”. A Ingila in an cika mako 24 aka haifi jariri ba rai sunansa “stillbirth”. A Amurka daga mako 20 suke fara kiransa haka, a Najeriya galibi daga 28. To ki faɗi makon da abin ya faru, su za su san inda za su sa shi. Haruffan G da P da za ki gani a takarda kuwa, G yawan cikin da aka taɓa ɗauka ne har da na yanzu, P yawan waɗanda suka wuce mako 24 aka haifa. Mai ɗa ɗaya da ɓari ɗaya, ga kuma ciki yanzu, G3 P1 ce.

Na zo inda nake so ki fi ba hankalinki, domin nan zaɓin lokacin aikatau yana iya canza abin da ungozoma za ta ce miki a waya. Da Hausa “ina” guda ta wadatar: ina zubar da jini, ina zubar da jini tun safe. Turanci ya raba su. Dubi waɗannan ukun:

“I had some bleeding yesterday.” Ya faru jiya, ya tsaya.
“I'm bleeding.” Yanzu haka yana zuba.
“I've been bleeding since this morning.” Ya fara da safe, har yanzu bai tsaya ba.

Duk ukun ana kiran asibiti a kansu, amma gaggawar ba ɗaya ba ce, kuma wadda ta faɗi ta farko alhali ta uku take nufi ta rage wa kanta kulawa. Galibi abin da ya fara a baya yake ci gaba, “have been” ne da aikatau mai “-ing”. Sannan “since” mafarin abu take ɗauka, “for” kuma tsawonsa: “since Monday”, amma “for three days”. Hanyar tunawa, inda Hausa ta ce tun Litinin “since” ce, inda ta ce kwana uku ke nan “for” ce. “Since three days” ba Turanci ba ne. Shi ya sa ma “I am pregnant since June” bai zauna ba. “I've been pregnant since June” ya bi ƙa'ida, sai dai ba haka ake faɗin inda ciki ya kai ba, ya fi kama da ƙorafin wadda ta gaji.

Motsin jariri yawanci ana fara jin sa tsakanin mako 16 da 24. “I felt the baby move”, ba a sa “to” kafin “move”. “I can feel the baby kicking.” Jimloli biyu kuma nake so ki haddace su kamar sunanki, don ranar da za ki buƙace su ba za ki samu natsuwar gina jimla ba: “The baby is moving less than usual” da “I haven't felt the baby move since last night.” Shawarar hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, a kan wannan ba ta da kwana-kwana: a kira nan take, ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye. Haka alamomin hawan jini na masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai ga jijjiga: “I've got a bad headache that won't go away”, “my vision is blurry”, “my face and hands are swollen”. “My head is paining me” na gida ne, can “my head hurts” ake cewa.

Ki kula da “sick” ma. Mu da shi muke fassara rashin lafiya ko wace iri. A Ingila “I feel sick” tashin zuciya ne, “I've been sick twice today” kuma na yi amai sau biyu ke nan. In zazzaɓi ne ko kasala ki ce “I feel unwell”, ki faɗi abin da ke damun ki. Laulayi shi ne “morning sickness”, ko da kuwa da magariba yake taso miki.

Su ma ungozomomin suna da nasu salon da ba ya cikin littafi. Suna cire “the” su mai da “baby” kamar suna: “How's baby moving?”, “Baby's head is down”. Ke kuma sai ki ji ana ce miki “Mum”. In ta ɗora tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa ta ce “you're measuring 30 weeks”, girman cikin take nufi, don daga wajen mako 24 santimita da makonni kusan tafiya ɗaya suke yi. “Measuring small” ko “measuring big” kan sa a tura ki hoto. “Breech” jariri ne da ya zauna ta ɗuwawu. “The head is engaged” ba baiko ba ne, kan ya sauko cikin ƙugu ke nan. “A show” majinar nan ce mai ɗan jini da take fita gab da naƙuda, ba ta da alaƙa da “showing” na fitowar ciki. “Braxton Hicks” ƙullewar ciki ce da take zuwa ta tafi ba naƙuda ba, sunan likitan Ingila John Braxton Hicks aka sa mata, wanda ya bayyana ta a 1872. In an ce “we'd like to induce you”, tayar da naƙuda za a yi da magani. Aikin tiyatar ciro jariri da muke kira CS kuwa “caesarean” ko “C-section” ake cewa. Awon kansa “antenatal” ne a Ingila kamar a gida, “prenatal” a Amurka.

Ranar naƙuda za ki kira lambar da ke jikin takardunki na awo. Mako ake fara faɗa, sai haihuwa ta nawa, sai abin da ya faru da lokacinsa:

“Hello, I'm 39 weeks and two days, second baby. My waters broke at about three o'clock. I've been having contractions for two hours and they're five minutes apart.”

Fashewar faya a Ingila jam'i ce, “my waters broke”, a Amurka tilo, “my water broke”. An sa “broke” don an ambaci ƙarfe uku. In ba a ambaci lokaci ba “my waters have broken” ne. “Five minutes apart” tazarar da ke tsakanin wannan ciwo da na gaba ce, za kuma su tambayi tsawon kowanne, sai ki ce “they last about a minute”. Za su tambayi launin ruwan: “clear”, “pink”, “green” ko “brown”, kuma biyun ƙarshe ba a jinkiri da su. Naƙuda ta kama ni shi ne “I'm in labour” ko “I've gone into labour”. In an duba ki aka ce “you're four centimetres”, buɗewar bakin mahaifa ake nufi, in ta kai goma ita ce “fully dilated”.

Duk da haka, Turancin mutum yakan gudu in ciwo ya yi ciwo, ko da kuwa farfesa ne. Asibitocin NHS suna samar da tafinta kyauta, yawanci ta waya, kuma sun fi son haka a kan miji ko ɗan'uwa ya yi fassara, musamman a maganar da mace za ta ji nauyin faɗa a gaban nata. Tun a awo na gaba ki ce “Could you put on my notes that I may need a Hausa interpreter in labour?”, in kin fi son mace ki ƙara da “a female interpreter, if possible”.